Jinjinar da Na Yi Daga Saman Bene

Ni dai ba ma'abocin aikin ƙarfi ba ne, kuma duk wanda ya yi leburanci da ni a Gwarzo zai ba da wannan shaida ba sai an rantsar da shi ba. Shekara biyu na yi ina ɗaukar kwanon kankare a ka, in hau tsani in sauko, kuma babu ranar da ta fito ta faɗi ban yi mita ba. Saboda haka ranar da ɗan kwangilar da muke wa aiki ya fara ɗauko hayar injin tura kankare daga Kano, ya ce yana neman mutum ɗaya da aikinsa kawai ya tsaya yana ɗaga hannu, sai kowa ya juyo ya dube ni. Aka kwashe da dariya. Ni ma na taya su, na karɓi aikina.

Ga yadda abin yake, don wanda bai taɓa gani ba. Injin yana zaune a ƙasa. Motar da ke juya kankare ta zo ta juye masa a wani babban mazubi da ke bayansa, shi kuma ya tura kankaren ta cikin bututun ƙarfe da aka jojjona har saman gini. A ƙarshen bututun akwai tiyo na baƙar roba, kaurinsa ya kai cinyar ƙato, shi ake ja ana zuba kankare inda ake so. Mai injin yana ƙasa, ba ya ganin bakin tiyo. Masu tiyo suna sama, ko sun yi ihu rurin inji ba zai bari a ji su ba. Ni ne a tsakani, a bakin rufi, inda na sama da na ƙasa duk suke ganina.

Mai injin mutumin Filato ne, Kirista, ya girme mu duka, Oga muke ce masa. Matarsa tana koyarwa a wata firamare a Gwarzo, shi ya sa duk aikin da ya faɗo ta wajenmu shi kamfaninsu yake turowa. Mutum ne mai tsantseni har ya gundure ka. Ba ya taɓa makulli da safe sai ya tara mu ya maimaita mana karatun jiya, mu kuwa muna tsaye muna hamma.

"Ba kankare ke kashe mutum ba, iska ce," haka yake farawa. "In na tsayar da inji aka daɗe, iska na shiga cikin bututu ta kwanta. Ina tayarwa sai ta matse, ta nemi hanya, tiyon nan ya tashi ya yi duka. Don haka duk lokacin da zan tayar, a ajiye shi a ƙasa, kowa ya ja baya taku goma sha biyar. Sai kun ga kankare na fita sumul babu tari, sannan ku dawo. Kada a lanƙwasa shi. Kada wani ya leƙa bakinsa, babu abin kallo a ciki."

Ni kuma ya koya mini alamu. In na giciya hannu biyu a ƙirji, ya tsaya. In na yi ƙasa-ƙasa da tafi, ya rage. In na dunƙule hannun dama na ɗaga sama, to kowa ya kauce ke nan, ya tayar. Da ya nuna mini wannan ta ƙarshen na ce, "Oga, ai wannan jinjina ce. Mu nan haka muke gaida manya."

"To ka riƙa gaida inji kawai," ya ce. "In kana sama ba ka da wani babba sai shi."

Wata da watanni ana tsokanata da wannan. In na wuce a ce ga bafaden inji nan.

Mai riƙe tiyo abokina ne, mutumin Gude. Kakanninsa makiyaya ne, amma shi da Hausa ya tashi, da damina ya yi noma, da rani ya fito aikin gini, yana da 'yan shanu huɗu da yake ji da su kamar me. Ina ce masa Bafulatanin da ya ɓatar da Fulatanci a hanya, shi kuma yana ce mini Sarkin Hutu. Kullum da goran fura da nono yake zuwa, matarsa ce take dama masa, kuma kullum fiye da rabi a cikina yake ƙarewa. Da farko yana da wata ɗabi'a ta rungumar tiyo a hammata kamar ya kama wuyan maraƙi. Oga ya yi ta fama da shi har ya daina, daga baya ma ya zama shi ne yake korar mutane baya in za a tayar. Ina so a riƙe wannan, domin na ji wasu daga baya suna cewa wataƙila shi ma ya yi sakaci. Bai yi ba. Abu ɗaya yake kallo kafin ya taɓa tiyo, hannuna. In hannun yana ƙasa, ya san lafiya.

A Kabo abin ya faru, a wani bene na shaguna da ake ginawa a bakin titi. Muna zuba rufin hawa na biyu ne, cikin bazara, irin zafin nan da rodi yake ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi. Mun ci rabin aiki sai kankare ya yanke, motar da za ta kawo na gaba ta makara a hanya. Oga ya kashe inji. Muka sauka muka yi azahar, muka sha fura. Muna gamawa sai ga motar, kowa ya koma wurinsa.

Abokina da mutum biyu suka kama tiyo za su mayar da shi ɗaya kusurwar. Tiyon ya maƙale a cikin rodi. Su biyun suka tafi ɗauko katako su bankaro shi, shi kuma ya durƙusa a wajen bakin yana ƙoƙarin zare shi. Ina ganinsa. Na juya ƙasa, na ga mota tana juyewa a mazubi, Oga ya ɗora hannu a kan madanni ya ɗaga kai yana jirana.

A daidai wannan lokacin wani ɗan acaɓa ya rage gudu a kan tudun da aka yi wa titi a gaban ginin. A bayansa akwai dattijo da farar riga. Surukina ne, daga Masanawa, mahaifin matar da na aura wata biyar da suka wuce. Ya ɗago kai, muka haɗa ido.

Wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da nake nufi. Da a ƙasa nake da na cire takalmi na durƙusa. Ina sama, ba zai ji muryata ba, kuma ba zai yiwu surukina ya gan ni in ɗauke kai ba. Ban yi shawara da kowa ba, ko da zuciyata. Na ɗan rusuna, hannuna na dama ya dunƙule ya tashi sama da kansa. Dattijo ya ɗaga nasa, babur ya wuce.

Inji ya yi tari sau biyu a ƙasa. Kafin in gane abin da na yi, na ji ƙara a bayana kamar tayar babbar mota ta fashe. Na juyo na ga tiyo a sama, ya fi tsayin mutum, yana watsa tsakuwa. Ya riga ya sami abokina a ƙasan haɓa, ya jefa shi da baya a kan rodi. Na giciya hannu, na yi ta giciyawa, alhali Oga ya riga ya kashe inji tun da ya ji ƙarar.

A bayan a-kori-kurar ɗan kwangila muka sa shi. Kansa a cinyata yake har Gwarzo, daga nan aka ce a wuce Kano. Bai yi magana ba. Ina ta kiransa da sunan tsokanar nan ko zai harare ni. Washegari kafin la'asar ya cika.

Kwana biyu bayan jana'iza injiniyan kamfani ya zo, shi da ɗan kwangila suka tara mu a ƙarƙashin wata darbejiya kusa da ginin. Aka fara da Oga. Ya rame a kwana ukun nan. Ya ce, "Na ga hannu. Ban taɓa tayarwa ban ga hannu ba."

Duk aka juyo gare ni, kamar ranar da aka ba ni aikin, sai dai yau ba mai dariya. Na ce, "Ni ban ba shi hannu ba."

Na daɗe ina lallashin kaina da wannan jimla. Ina cewa ai ba ƙarya na yi ba, ba shi na ba hannu ba, surukina na ba. Mutum in yana son ya tsira babu ramin da ba zai shiga ba. Amma Oga bai bar ni a nan ba. Ya dube ni ba tare da fushi ba, ya ce, "Malam, ka tuna da kyau. Na roƙe ka."

"Bayana ma na juya maka," na ce. "Masu tiyo nake kallo."

Wannan kam babu rigar da zan sa mata, ƙarya ce tsirara. Su biyun da suka tafi ɗauko katako ba su ga komai ba, direban mota yana kallon mazubi. Maganata ce da tasa. Kuma ni ne aminin mamaci, ni ne na riƙe kansa har Kano, kowa ya ga irin kukan da na yi. Shi kuwa baƙo ne, ko da ya shekara nawa a cikinmu.

Na zaci zai rantse, ko ya ɗaga murya. Da ya yi haka wataƙila da na ji sauƙi. Sai ya ɗaga kai yana kallon saman benen, daidai inda nake tsayawa. Ya sa yatsu ya murza idanunsa, ya sake kallo.

"To ko rana ce ta shiga mini ido," ya ce a hankali. "Amma na ga kamar hannu."

Ya zaro makullin inji daga aljihu ya miƙa wa injiniya. Ba wanda ya ce ya miƙa.

Ba a zage shi ba, ba a taɓa shi ba. Mutanenmu suka ce ƙaddara ce, kwana ya ƙare. Amma a bayan ido maganar da ta zauna ita ce mai inji ya yi gaggawa, kuma duk inda aka faɗe ta a gabana sai in sunkuyar da kai, su kuwa su ɗauka baƙin ciki ne ya hana ni magana. Ranar addu'ar bakwai a Gude mahaifin abokina ya kama hannuna da nasa biyu, wannan hannun dai, ya ce ba shi da abin da zai saka mini sai addu'a. Oga ma ya zo. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya zauna a gefen tabarma can ƙarshe. Tsohon ya sa aka kai masa ruwa, ya ce masa kada ya sa abin a ransa. Ina zaune ina kallo, ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige, amma ban buɗe baki ba.

Na ƙara shekara ɗaya a aikin. Da aka turo sabon mai inji na ce ni ba zan ƙara ba da alama da hannu ba, sai dai a samo tuta, ja da kore. Na je wajen tela da kaina aka ɗinka. Na zama mai tsanani, in za a tayar sai na ƙirga mutane da ido ɗaya bayan ɗaya, in na ga wani kusa da tiyo in yi masa tas. Ɗan kwangila ya riƙa ba da misali da ni a gaban sababbin leburori, yana cewa ga wanda mutuwar abokinsa ta koya wa hankali. Wasu masu aikin ma sun kwaikwayi tutar, kuma ina fata ta tsare wani. Ni dai duk yabon da aka yi mini ɗaci yake ƙara mini. Daga baya na bar gini gaba ɗaya, na koma sayar da siminti da ƙusa.

Oga bai koma Filato ba, saboda aikin matarsa. Na ji an ce ya buɗe ɗan shagon kayan masarufi ta wajen tasha. Shekara tara ban bi ta wannan layin ba. Wanda ya san Gwarzo ya san wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Na san lungunan garin nan fiye da masu tallan goro, kuma iyalina sun ɗauka son zagaye ne kawai irin nawa.

Bara surukina ya kwanta rashin lafiya, wadda ita ce ta zama ajalinsa. Na je Masanawa duba shi, na tarar an fito da shi zaure yana kishingiɗe, dattawa huɗu ko biyar suna kewaye da shi. Bayan an gama gaisawa, an tambayi iyali da kasuwa da zafi, sai ya nuna ni da haɓa ya ce musu, "Kun ga wannan? Tun yana ango na san ban yi zaɓen banza ba."

Na ce, "Baba, a dai yi ta haƙuri da mu."

"A'a, bari in faɗa. Wata rana zan wuce a kan babur, yana can ƙololuwar bene, yana tsakiyar aiki, rana tana dukansa. Wani yaron zamani da ya yi kamar bai gan ni ba. Shi kuwa ya rusuna, ya jinjina mini daga sama." Ya ɗaga siririn hannunsa ya gwada musu. "Na sha ba mutane labarin nan. A Kabo ne, ko? Ka tuna?"

"Na tuna, Baba."

Bai san ranar ce ba. Babur ya riga ya yi nisa kafin ƙarar, labarin haɗarin kuma daga baya ya iske shi, bai taɓa haɗa su ba. Dattawa suka ce Allah ya yi albarka, irin wannan tarbiyya ta yi wuya yanzu. Na ce amin. Ashe duk shekarun nan da nake ɓoye abin, tsohon nan yana yawo da shi gari-gari yana yabona. A hanyar komawa gida sau biyu ina tsayar da babur a gefen titi, saboda ba na ganin gabana sosai.

Washegari da hantsi na bi layin tasha. Ban sha wahalar gane shagon ba. Yana zaune a kan benci a ƙofa, kansa ya yi fari fat, da wani tabarau mai kauri a fuskarsa wanda ban san shi da shi ba. Na yi sallama. Ya daɗe yana kallona kafin ya ce, "Kamar mai ba ni hannu."

"Ni ne, Oga."

Ya matsa mini a kan benci. Muka gaisa, muka sake gaisawa. Ya tambayi iyali, na tambayi Malama da yara. Ya ce ya ji na koma kasuwa, ya yi mini fatan alheri. Har ya miƙa hannu zai ɗauko mini ruwan leda. Na ga in na bari ya ba ni ruwan nan na sha, to zan tashi in tafi ban faɗa ba.

"Oga, ranar nan a Kabo. Na ɗaga hannu."

Na gaya masa duka, da surukina, da babur, da abin da na faɗa a ƙarƙashin darbejiya da dalilin da ya sa na faɗa. Ban rage komai ba. Ina magana ina kallon ƙasa.

Da na gama wata mata ta zo sayen sabulu, ta gaji da sallama ta tafi. Sannan ya ce, "Na dama?"

"Na dama."

"A dunƙule?"

"A dunƙule, Oga. Yadda ka koya mini."

Ya cire tabarau ɗin ya riƙe a cinyarsa.

"Sau uku na je Kano a duba mini ido," ya ce. "Likitocin duk suka ce lafiya lau. Na ce musu ba lafiya ba, idon nan ya taɓa nuna mini abin da babu, mutum ya mutu. Na ƙarshen ne ya gaji da ni ya ba ni wannan." Ya juya shi a hannu. "Na rabu da babur ɗina tun shekarar. Titin nan da kake gani, ba na tsallaka shi sai na tambayi wani ko da mota. In na ga babu, sai in ce wa ya sani."

Ban taɓa tunanin wannan ba, kuma wannan ma abin kunya ne. Duk shekarun nan abin da nake zato na ƙwace masa shi ne aiki da suna. Na sauka daga benci na durƙusa a gabansa, mutane suna wucewa suna kallo.

"Oga, ka yafe mini don Allah."

A wajenmu in mutum ya durƙusa ya faɗi haka, amsar a shirye take, kuma ina jin a can cikin raina na zo ne da sa ran zan tafi da ita. Ya dube ni da idanun nan nasa, babu gilashi a tsakaninmu.

"Tashi, Malam," ya ce. "Ba zan yi maka ƙarya ba. Yau kam ba zan iya ba. Ka bari tukuna."

Na tashi. Ban ga laifinsa ba a lokacin, har yanzu da nake rubuta wannan ban gani ba, kuma har yanzu bai aiko a kira ni ba. Na yi masa sallama ya amsa. Na yi taku kaɗan ke nan na ji ya miƙe yana kiran matarsa ta ƙofar da ta haɗa shagon da cikin gida. Muryarsa ta karye, sai da ya sake kira.

"Mama, zo ki ji," yake cewa. "Ashe na gani. Na gani ashe."